Ali da Tyson, kowa a kan ganiyarsa: wa zai kwantar da wani?

Ƙanena, ka ce musu ya hana ku shan shayi lafiya a majalisarku ta Wunti, wai in da za a haɗa Muhammad Ali da Mike Tyson, kowa yana kan ganiyarsa, wa zai yi nasara. Ni dai ina bayan Ali, amma ba da sauƙin da dattawanmu suke faɗa ba.

Ali na 1966 nake nufi, wanda ya ragargaji Cleveland Williams a Houston cikin turmi uku, kafin a ƙwace kambunsa na zakaran duniya a 1967 don ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam. Tyson kuwa na 1986 zuwa 1988, wanda ya karɓe kambu daga Trevor Berbick yana ɗan shekara 20, ya gama da Michael Spinks cikin daƙiƙa 91. Kuma don Allah kada a kawo mini zancen cewa Berbick da Larry Holmes sun doke Ali, Tyson kuma ya doke su. Ali yana dab da shekara 40 a lokacin, ƙarfi ya riga ya tafi.

A ƙira, Ali ya fi shi: tsayinsa santimita 191, Tyson 178, hannunsa ma ya fi tsawo nesa ba kusa ba. Sai dai Ali yana da wani hali mai hatsari. Hannuwansa a ƙasa yake barinsu, in an kawo naushi sai ya ja kai baya, ya dogara da saurin ido. Naushin hagu mai zuwa ta gefe shi ne makasarsa. Da shi Henry Cooper ya zaunar da shi a Landan a 1963, da shi Joe Frazier ya kayar da shi a turmi na 15 a 1971. To wannan naushin a hannun Tyson ya fi sauri. Ka kalle shi yadda Cus D'Amato ya horar da shi: safar hannu manne da kumatu, ya duƙa, ya karkata hagu, ya karkata dama, kafin dogo ya janye hannunsa ya riga ya shige ƙarƙashin haɓarsa, ya sa ɗaya a haƙarƙari, ɗaya ta taso daga ƙasa. Da a dambenmu na gargajiya ne, inda turmi uku ne kuma gwiwa na taɓa ƙasa an yi kisa, wallahi Tyson zan yi wa kirari.

Amma a boksin wanda ya faɗi yana da ƙirga goma, kuma nan ne suka rabu. Ali ya tashi daga naushin Cooper, a turmi na gaba aka tsayar da wasan saboda jinin da ke zuba a idon Cooper. Ken Norton ya karya masa muƙamuƙi a 1973, a haka ya kai turmi 12 a tsaye, ko da yake ya faɗi da maki. A Kinshasa a 1974 ya jingina da igiya, George Foreman ya yi ta jibgarsa har ya gaji, a turmi na 8 Ali ya kwantar da shi. Foreman fa ba a taɓa doke shi ba kafin ranar. Za ka ce wannan Ali na shekarun 1970 ne, ba na 1966 ba, gaskiya ne, amma juriya irin wannan da ita aka haife shi.

Tyson kuwa tun yana tashe an ga inda yake sanyi. James Tillis ya kai shi turmi 10 a 1986. Bonecrusher Smith ya yi ta rungume shi a 1987 har turmi 12, shi kuma ya yarda ana riƙe shi maimakon ya fizge ya ci gaba da aiki. Ya ci wasannin, amma wutar farko ba ta kai ƙarshe ba. A Tokyo a 1990 Buster Douglas, dogo mai dungurin hagu, ya kumbura masa ido ya kayar da shi a turmi na 10. Masoyansa suna cewa ya riga ya sallami mai horar da shi Kevin Rooney, bai kuma yi atisaye sosai ba. Na yarda. Duk da haka, a duk wasanninsa na ƙwararru babu inda Tyson ya faɗi ƙasa ya tashi ya ci wasa.

Yadda nake hango abin, turmi huɗun farko na Tyson ne, mai yiwuwa ma Ali ya sha ƙasa sau ɗaya. Daga na shida ƙafar Ali da dungurinsa za su fara aiki, yana zagaye shi, in ya matso ya danne masa ƙeya yana zuba masa baƙar magana a kunne. In turmi 12 ne, Ali da maki. In 15 ne irin na zamaninsa, ban ga Tyson ya ji ƙararrawar ƙarshe ba.

Abin da zai iya rushe lissafina alƙalin wasa ne. A karonsu na biyu da Frazier a 1974 an bar Ali yana riƙe wuya, ya ci da maki hankali kwance. A Manila a 1975 alƙali ya hana shi, sai da ya sha wuyar da bai taɓa sha ba kafin a tsayar da wasan bayan turmi na 14. In aka ba Ali da Tyson alƙali irin na Manila da ƙaramin fili, ni ma sai na sake tunani.