Tumatir a ƙarshen lokacin zafi: a tsinke da wuri ko a bar shi ya nuna?

Wanda aka bari ya yi jajur a jikin uwarsa ya fi ƙamshi, amma kasada ce. Idan ƙasa ta bushe sannan ruwa mai yawa ya sauka, cikin tumatirin kan kumbura fiye da yadda fatar za ta iya ɗauka, sai ya tsage daga wajen hanci, ruɓa ta shiga. Ga tsuntsaye, ga tsutsa. Zafi ma idan ya haura digiri 30, jan launin kan tsaya, sai ka ga kafaɗar ta tsaya rawaya-rawaya, da tauri. Wanda ya nuna a jikin uwarsa sai a ci cikin kwana biyu ko uku.

Tsinkewa da zarar gindinsa ya fara sauya launi ta fi kwanciyar hankali. A wannan matakin ya riga ya ƙosa, zai ƙarasa nuna da kansa cikin kusan mako guda a inuwa, a digiri 18 zuwa 21. Kada a sa shi a firij, sanyi ƙasa da digiri 10 na kashe ɗanɗano. A tsinka da safe bayan raɓa ta bushe, a cire hancin don kada ya huda na kusa da shi, a jera hawa biyu kacal a kwando.

Mai kai wa kasuwa, tsinkewa da wuri ce tasa. Na ci a gida kuwa, a bar 'yan kaɗan su nuna, muddin ba a ga hadari ya haɗo ba.