Reshe ya sauya, rumbu bai motsa ba: wace hanya za ka ɗauka?

Git, manhajar da ke adana tarihin lambobin aiki a rassa daban-daban (branch), fayiloli kawai yake bi. Idan ka buga `git switch main`, lambobin manhajarka za su koma yadda suke, amma rumbun bayanan da ke kwamfutarka yana nan yadda ka bar shi. A ce kana gina manhajar karɓar kuɗin makaranta ga wata makaranta a Kawo. A reshen `rangwame` ka ƙara kolum mai sharaɗin NOT NULL (wato ba a barinsa fanko), ka gudanar da maigireshan 0008 (fayil ɗin umarnin sauya tsarin rumbu), sai aka kira ka gyaran gaggawa a `main`. Lambobin `main` ba su san da wannan kolum ba, don haka duk ɗalibin da ka so shigarwa rumbu zai ƙi karɓarsa.

Tushen matsalar shi ne umarnin warwarewa yana cikin fayil ɗin maigireshan, fayil ɗin kuwa ya tafi tare da reshen. Abin da rumbu ke riƙewa suna ne ko lamba kawai, a teburin `django_migrations` na Django ko `schema_migrations` na Rails ko `alembic_version` na Alembic, gwargwadon kayan aikin da kake amfani da shi. Shi ya sa `rails db:migrate:status` ke nuna NO FILE, Alembic kuma ya tsaya cak da "Can't locate revision". Django ma shiru yake yi, sai ka ci karo da kuskuren da kanka.

Hanya mafi araha ita ce ka warware da hannu tun kana kan reshen. A Django `python manage.py migrate kudi 0007` zai janye duk abin da ya biyo bayan 0007 a sashen manhajar mai suna `kudi`. A Rails `rails db:rollback STEP=2`, a Laravel `php artisan migrate:rollback --step=2`, a Alembic `alembic downgrade` tare da lambar matakin da kake son komawa. Mai Laravel ya kula: idan bai sa `--step` ba, rukunin ƙarshe gaba ɗaya ake janyewa, kuma rukunin na iya haɗawa da maigireshan na `main` da aka gudanar lokaci guda da nasa. Ba a kashe ko kwabo a wannan hanya, amma ta jingina ga tunawarka, kuma tana cin bayanai. Kolum ɗin da aka janye ya tafi da abin da ke cikinsa, in ka dawo reshen sai ka sake shigar da komai. Wasu matakan ma ba sa komawa: `RunPython` da ba a ba shi aikin juyawa ba zai jefo `IrreversibleError`, haka `remove_column` na Rails idan ba a faɗi nau'in kolum ɗin ba. Ga masu MySQL akwai ƙarin ciwon kai. MySQL na tabbatar da kowane sauyin tsarin tebur nan take, to idan aka ɗauke wuta ko umarni na uku cikin biyar ya faɗi, tsarin zai tsaya rabi da rabi, sai an gyara da hannu. PostgreSQL na iya naɗe irin waɗannan sauye-sauye a cikin ma'amala guda, ko duka su shiga ko babu. Masu Java da ke duba Flyway, kayan aikin maigireshan, su sani cewa umarnin `undo` yana cikin bugun da ake biya ne.

Daga nan mutane kan ce to a bar wa Git ya riƙa yi da kansa. Sai dai Git ba shi da ƙugiyar (hook, rubutun da Git ke tayarwa da kansa) da ke aiki kafin sauya reshe. `post-checkout` ce kawai, ita kuwa ihu ne bayan hari, fayilolin sun riga sun tafi. Tana karɓar abu uku: inda ka baro, inda ka sauka, da lamba 1 idan reshe aka sauya ko 0 idan fayil kawai aka dawo da shi. Dabarar ita ce rubutunka ya kwatanta biyun farko da `git diff --name-only`, ya gano maigireshan da suka ɓace, ya buɗe tsohon matsayin a babban fayil na wucin gadi da `git worktree add`, ya warware daga can. Ka tuna `worktree add` ita ma tana tayar da `post-checkout`, in ba ka toshe ba rubutun zai yi ta kiran kansa. Kuma `.git/hooks` ba ya bin ma'ajiya zuwa wurin abokan aiki, sai kun saita `core.hooksPath`. Masu Rails suna da `actual_db_schema`, wanda ke adana kwafin kowane maigireshan da aka gudanar don ya iya janye shi ko bayan an bar reshen. A ganinmu, rubutun da ke goge kolum ba tare da tambaya ba a duk leƙen reshe na minti biyu, haɗarinsa ya fi amfaninsa. Ƙugiyar da ke gargaɗi kawai ta fi.

Akwai kuma rushewa a sake gini: `php artisan migrate:fresh --seed`, `rails db:reset`, `prisma migrate reset`. Ga ƙaramin aiki mai ingantattun bayanan gwaji, wannan ya wadatar. Duba `.env`, fayil ɗin saitin manhaja, kafin ka danna, kada ya zama rumbun abokin ciniki yake nunawa.

Wadda muka fi ba da shawara ga yawancin masu aiki a Kaduna ita ce kowane reshe da rumbunsa, domin ta kawar da buƙatar warwarewa ɗungurungum. A PostgreSQL ka ajiye rumbu guda mai tsarin `main` da bayanan gwaji, ka kira shi `makaranta_asali`, kada manhaja ta taɓa shi. Buɗe sabon reshe sai ka buga `createdb -T makaranta_asali makaranta_rangwame`. Kwafi ne kai tsaye, ya fi `pg_dump` da `pg_restore` sauri nesa ba kusa ba. Sharaɗinsa kada kowa ya kasance haɗe da rumbun asalin lokacin kwafi. PgAdmin, manhajar duba rumbu, da ka bari a buɗe ma ya isa ya hana. Sunan rumbu a saitin manhaja sai a ciro shi daga `git branch --show-current`, a mayar da `/` da `-` zuwa `_`, a kuma gajarta, don PostgreSQL na yanke suna a bayit 63, rassa biyu masu dogon suna iri ɗaya a farko za su faɗa rumbu guda ba ka sani ba. A nan `post-checkout` ta yi rana, aikinta ƙirƙirar rumbu ne in babu, ba gogewa ba. Farashin wuri ne a faifai: rumbu mai gigabayit 2 a rassa biyar gigabayit 10 ke nan. MySQL ba shi da irin wannan kwafi, sai `mysqldump` a zuba a sabon suna. SQLite kuwa kwafin fayil ɗaya ne.

Docker Compose, mai tayar da rumbu a cikin keɓaɓɓiyar kwantena, na yin kwatankwacin haka idan ka ba kowane reshe sunansa da `-p`, amma kwantena biyu ba za su hau tasha 5432, wadda PostgreSQL ya saba amfani da ita, tare ba, kuma a laftof mai ram gigabayit 8 da ke kan batir, nauyin ya yi yawa a kan abin da umarni ɗaya ke yi.

Sai kuma rumbunan da kamfanoni ke ajiyewa a intanet. Neon na yi wa PostgreSQL reshe cikin daƙiƙu ba tare da kwafe bayanan duka ba, abin da ya sauya kawai ake rubutawa. PlanetScale ma na da rassa, amma ta soke tsarinta na kyauta a 2024. Amfaninsu na bayyana ga tawagar da wani ke Barnawa wani ke Zariya, suna son kowane aiki da aka miƙa don dubawa ya zo da rumbunsa. Lissafa kuɗin da dala, ka haɗa da data, ka kuma san cewa ranar da intanet ta yi rauni aikinka ya tsaya, kuma gwaji mai tambayoyi dubbai zai ja lokaci tunda kowace tambaya sai ta ƙetare teku ta dawo. Idan za ka yi reshe daga rumbun da ake aiki da shi, sunayen ɗalibai da lambobin wayar iyaye sun shiga ƙarƙashin dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023. A ɓadda su tukuna.

Wanda ya zaɓi rumbu ga kowane reshe, akwai aiki biyu a kansa: bayan an haɗe reshe da `main` ya buga `dropdb` a kan rumbun reshen, sannan ya gudanar da sabon maigireshan a kan `makaranta_asali`, in ba haka ba reshe na gaba zai fara da tsohon tsari.