Injin shuka da ake turawa da hannu: me yake yi wa acha da sha'ir na gargajiya a Filato?

Injin da ake magana a kai shi ne ƙaramin nan mai taya biyu, gaba da baya, da dogon mariƙi, wanda masu karas da latas da albasa ke amfani da shi. Kada a rikita shi da wancan mai ganga da bakuna a zagaye na masara da wake. Wancan rami yake sara mai zurfi, acha kuwa in ta nutse haka, ta tafi ke nan.

Aikinsa ba wuya a gane. Tayar gaba na juya sarƙa, sarƙa na juya wata 'yar rola mai ramuka a ƙasan mazubin iri, ramukan na ɗebo ƙwaya, burushi na share rarar, ƙwayar ta faɗa cikin tsagar da wani ƙarfe ya yi a ƙasa, tayar baya ta danne. Rolar ake canzawa gwargwadon girman iri, yawan zubar kuma ana daidaita shi da faifan sarƙa masu haƙora da ke zuwa da injin.

Maganar gaskiya, wanda ya saye shi don sauri ya yi asarar kuɗinsa. In aka bar tazarar santimita 25 tsakanin layi da layi, hekta ɗaya na da layin da tsawonsa ya kai kilomita 40. Tafiyar kwana biyu ce ga ƙato mai ƙarfi, alhali mai watsa iri da hannu kafin azahar ya gama ya tafi gida. Ribar tana wurin noma ne. Acha da harkiya 'yan gida ɗaya ne, suna ƙanana ko tsohuwar da ta shekara hamsin tana wannan aiki sai ta duƙa sosai kafin ta rarrabe su. A gonar da aka watsa, cirar ciyawa da yatsu ake yi, ɗaya bayan ɗaya. A gonar layi kuwa duk abin da ya fito tsakanin layuka ciyawa ce, fartanya ƙarama ta wuce da shi, sai cikin layin kaɗai a bi da hannu. Nan kuɗin ƙwadago ke sauka. Iri ma yana raguwa: masu watsawa kan zuba kilo 30 zuwa 40 a hekta, da layi kuwa kilo 12 ya wadatar in ƙasa ta yi laushi.

Sai dai injin bai san kilo 12 ba, sai an gwada shi. A zuba iri, a ɗaura leda a inda irin ke fitowa, a tura mita 50 a kan ƙasar gonar, ba a kan siminti ba, sannan a auna abin da ya taru da ƙaramin sikeli. Ana neman giram 15. In ya fi, a canza faifan sarƙa ko a sauke burushi kaɗan. In bai kai ba, akasin haka. A maimaita har sau uku kafin a yarda. Ƙwayar acha kusan 2,000 ce a giram guda, don haka ɗan giɓi kamar kaurin farce tsakanin burushi da rola ya isa ya ninka abin da ke zuba.

Wasu na gauraya irin da yashi kamar yadda ake yi wajen watsawa. A cikin wannan injin dabara ce mara kyau. Girgizar tafiya na sa yashi ya koma ƙasa, layukan farko su fito fayau, na ƙarshe su cushe, ga shi yashin na cinye ramukan rolar tun da ta roba ce. Gara a nemi rola mafi ƙananan ramuka, a tankaɗe irin da rariya, a bakace ƙaiƙayi tas. Kuma iri sai wanda ba a surfa ba. Achar kasuwa ta tuwo da gwate ba ta shuka ba ce.

Zurfi kada ya wuce santimita 1. A nan ne ƙasar Filato ke nuna halinta. Inda akwai tsakuwa da marmara, ƙarfen tsagar na tsalle, tayar gaba ta daina juyawa na ɗan lokaci, layin ya fito da giɓi. Dole a yi haro, a farfasa dunƙulen ƙasa, a share da manjagara. A jira kuma ƙasa ta tsane bayan ruwa, domin in tana manne wa tayar baya, da irin take tashi. Gonar da ke kan dutse-dutse, a bar ta da watsawa kawai.

Inda injin ya fi burgewa shi ne gonar ajiye iri. Kowane yanki, daga Riyom inda Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa ke da tashar acha har zuwa Bokkos da Pankshin, yana da nasa irin na gado, wani mai saurin nuna, wani mai jan lokaci, ga kuma iburu da ake kira baƙar acha. Da watsawa duk cuɗewa suke yi. Da layi ana iya ware kowanne, a gane baƙon tsiro tun kafin ya fid da kai, a tuge shi. Sharaɗin dai a juye mazubin a goge shi da burushin fenti kafin a sa wani iri, saboda ƙwayoyin na maƙalewa a kusurwa.

Ga sha'ir kuma, wanda ake shukawa da sanyin Nuwamba zuwa Disamba a noman rani, lissafin daban ne. Layi santimita 20, zurfi 3 zuwa 5, iri kamar kilo 100 a hekta, wato giram 2 a kowace mita. Mazubin ya yi ƙanƙanta ga wannan, kullum ana tsayawa ƙari. Irin gargajiya kuma na zuwa da guntun gashinsa mai kaifi a kan ƙwaya, gashin na sarƙewa ya toshe bakin mazubin, mai turawa na ta tafiya alhali ba abin da ke sauka. A zuba shi a buhu a murza sosai, a sheƙe, kafin a sa. Mai neman shawara kan iri, Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ce ke da alhakin sha'ir da alkama.

Abu guda ya haɗa acha da sha'ir: karansu mai rauni ne, layi ba ya hana su kwanciya in an cika musu yuriya. Taki kaɗan-kaɗan.

Wajen saye, a ƙirga rololin da ke cikin kwalin, domin sau da yawa biyu ko uku ne na kayan lambu, ta acha da ta sha'ir sai an biya daban. A nemi burushi na ajiya tun a ranar, shi ke fara mutuwa kuma ba kowane shago ke da shi ba. Sarƙar kuwa a sa mata mai kaɗan bayan aiki, a ajiye injin inda raɓa ba ta kaiwa.