Shekara uku ina zuwa aiki da Alfa Romeo 159 ta hannu

Lokacin da na yanke shawarar sayen mota ta hannu domin zuwa aiki, kusan duk 'yan'uwanmu da ke zaune a yankin Brescia, a arewacin Italiya, shawara ɗaya suka ba ni, wato in nemi Toyota ko Volkswagen in huta. Ban bi shawarar ba. Na sayi Alfa Romeo 159 ƙirar 2008, mai ƙofa huɗu da but a baya, mai injin dizal 1.9 JTDm da ƙarfin doki 150, kuma yau shekara uku ke nan ina hawanta kwana biyar ko shida a mako, kimanin kilomita 30 zuwa da 30 dawowa, tsakanin gidana da masana'antar da nake aiki a wajen tafkin Garda. Tun da mutane da dama sun tambaye ni ko irin wannan mota za ta iya ɗaukar wahalar yau da gobe, na ga ya dace in rubuta abin da na gani da idona da kuma abin da ya fita daga aljihuna.

Kafin in tsaya a kanta na duba wasu. Fiat Tipo mai but ta fi ta sabunta, ta fi ta fili a baya, kuma kuɗin riƙe ta kaɗan ne, sai dai a birnin Bursa na Turkiyya ake haɗa ta, kuma da na tuƙa ta ban ji abin da zai sa in yi ɗokin fita da asuba ba. Alfa Romeo Giulia, wadda aka fara sayarwa a 2016, ta fi ƙarfin kuɗina a wancan lokacin. Maserati Ghibli da Quattroporte na hannu kuwa farashinsu ya faɗi ƙwarai, amma haraji da inshora da kayan gyaransu suna nan a matsayin motar masu hali, don haka ban ɓata lokaci a kansu ba.

Ita 159 an fara nuna ta ne a bajekolin motoci na Geneva a 2005, ta gaji 156, aka ci gaba da ƙera ta a masana'antar Pomigliano d'Arco kusa da Napoli har zuwa 2011. Giorgetto Giugiaro ne ya zana siffarta tare da ma'aikatan zane na kamfanin, kuma duk wanda ya taɓa ganin fuskarta, da fitilu uku a kowane gefe da lambar mota da aka manna a gefe guda domin kada ta rufe ragar shan iska ta tsakiya mai siffar garkuwa, ba zai rikita ta da wata ba. Ba zan ɓoye cewa kyan nan ne ya fara jan hankalina ba. Abin da ya sa na saki kuɗina, shi ne injin. Rukunin kamfanonin Fiat ne ya ɓullo da tsarin feshin dizal ta bututu guda mai matsi, wanda daga baya Bosch ya karɓa ya yaɗa a duniya, kuma Alfa 156 ta 1997 tana sahun farko na motocin da suka fito da shi. Wannan inji na 1.9 an sa shi a motocin Fiat da Opel da Saab masu yawan gaske, saboda haka a nan Turai babu garejin da bai san shi ba, kuma kayansa ba su da wuyar samu ko a shago ko a wurin masu farfasa tsofaffin motoci.

A kan hanya, abin da ya fi burge ni shi ne sitiyari. Yana da nauyi daidai, kuma da zarar ka juya shi kaɗan motar ta amsa, ba tare da wannan lilon da ake ji a wasu manyan motoci ba. A babbar hanyar A4, wadda ta haɗa Milan da Venis, inda tireloli ke jere ba iyaka kuma hazo mai laima ke rufe fili a watannin sanyi, motar tana zama daram a kilomita 130 a awa, iskar tirela ba ta kaɗa ta. Nauyinta ne ya ba ta wannan natsuwa, domin ta kai tan ɗaya da rabi, kuma wannan nauyi shi ne ya sa ba ta da saurin tashi daga tsaye kamar yadda mai ganin siffarta zai zata. Kujerar direba tana riƙe baya da kyau, agogon mai da na zafin ruwa da na turbo suna tsakiya sun karkato wajen mai tuƙi, kuma bayan awa takwas a tsaye gaban na'ura, wannan zaman yana da daraja a wurina fiye da yadda zan iya kwatantawa. Hukumar gwajin haɗurra ta Turai ta ba ta taurari biyar, abin da ya kwantar wa maiɗakina hankali saboda yara.

Shan manta a tafiyata ta kullum bai cika wuce lita 6 da rabi a kilomita 100 ba, tankinta kuma lita 70 ne. Sau biyu na je ziyarar 'yan'uwa a yankin Caserta, tafiyar da ta doshi kilomita 800, kuma duka biyun na isa ba tare da na tsaya shan mai ba.

Inda ta gaza a matsayin motar iyali shi ne fili. Duk da tsawonta, wurin ƙafa a kujerun baya ƙarami ne, kuma idan dogon mutum ya zauna a gaba, babba ba zai ji daɗin zama a bayansa ba. But ɗin lita 405 ne, amma bakinsa ƙunci gare shi kuma yana da tudu, ta yadda keken jariri ko babban akwatin da muke cikawa da tsaraba idan za mu gida sai an yi dabara kafin ya shiga. Juyawa a ƙaramin wuri ma aiki ne, domin sai ka yi gaba ka yi baya a lungunan tsofaffin garuruwan Italiya inda ƙaramar Fiat Panda ke juyawa a tashi ɗaya. Gabanta kuma yana ƙasa sosai, dole ka lallaɓa a kan tudun rage gudu da gangaren shiga gareji.

Batun gyara shi ne wanda aka fi tsorata ni da shi, kuma a nan ne nake son in daɗe, domin na fahimci cewa yawancin abin da ake ɗora wa tsohuwar motar Italiya laifin yadda aka riƙe ta ne a hannun masu ita na baya. Kafin in saya na duba guda biyar. Akwai abubuwan da masu wannan mota da makanikai suka daɗe da sanin cewa sai an bincika, kuma da su na je. Na farko, ƙarfen da ke ɗauke da inji da ƙafafun gaba yana iya cin tsatsa, musamman a motar da ta zauna inda ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, kuma ba a ganin wannan sai an ɗaga motar an cire murfin ƙasa. Ɗaya daga cikin biyar ɗin a nan ta faɗi, ko da yake fentinta yana ta ƙyalli. Na biyu, giyabos mai giya shida da ake kira M32 an san shi da cin boris, alamarsa kuwa ƙugi a giya ta biyar da ta shida, ko kuma ka ga sandar giya tana motsi da kanta idan ka taka totur ka saki. Wanda zai gwada motar a cikin gari kawai ba zai taɓa jin wannan ba, sai ya hau babbar hanya ya kashe rediyo. Ga mai son injin fetur na 2.2 JTS kuma, sarƙar taimin ce abin saurare, domin tana miƙewa idan an yi sakaci da canjin baƙin mai.

Wadda na saya a hannun wani dattijo ce, kuma abin da ya rinjaye ni shi ne jakar rasit da ya ajiye tun daga ranar da ya fito da ita. Duk da haka ban ga takardar canjin bel ɗin taimin na kusa ba, sai na ɗauka ba a yi ba, na kai ta gareji a makon farko aka canza bel da famfon ruwa gaba ɗaya. Kuɗin ya yi mini zafi a lokacin, amma idan wannan bel ya tsinke a kan gudu, injin ne zai tafi, kuma gyaransa zai iya fin kuɗin motar. Na kuma nemi bayanin motar a rajistar motoci ta ƙasa da ake kira PRA, domin in tabbatar babu bashi ko takunkumin hukuma a kanta, na kuma gwada kilomitar da ke mita da wadda aka rubuta a binciken lafiyar mota na baya. Wanda ya saya a hannun dillali mai shago yana da garantin aƙalla shekara ɗaya bisa doka, wanda ya saya a hannun mutum kuwa, kamar ni, ya ɗauki nauyin kansa.

A shekara ukun nan sau ɗaya ta tsayar da ni daga zuwa aiki, kuma ni na jawo. A wani lokacin sanyi aka mayar da ni wani reshe da ke kusa da gida na wata biyu, tafiyar da ba ta kai kilomita 5 ba, injin bai ko gama ɗumi ba na kashe shi. Matatar hayaƙin da ke cikin salansa tana buƙatar doguwar tafiya da zafi domin ta ƙone toka da kanta, da ba ta samu ba sai ta toshe, fitila ta kama, motar ta ƙi jan gudu. Makanikena ya wanke ta tare da bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin inji, ya ce mini, "Wannan motar hanya ce, idan cefane kawai za ka riƙa yi da ita, ka sayar ka sayi mai fetur." Tun da na koma doguwar hanyata matsalar ba ta sake dawowa ba. Sauran abin da na kashe na tsufa ne: batir, birki, da hannuwan ƙafar gaba da suka fara ƙara a kan gargada. Tayoyin gaba kuma sun taɓa cinyewa ta ciki cikin ƙanƙanin lokaci bayan wani mai taya ya saita ƙafafun ba daidai ba, sai da na sami wanda ya san motar kafin abin ya daidaita. Baƙin mai ina canza shi duk kilomita 15,000 ko shekara guda, ba na jiran kwamfutar motar ta tuna mini.

Akwai kuɗaɗen da ba su da alaƙa da lalacewa, waɗanda sabon zuwa ƙasar nan yakan manta da su. Harajin shekara da ake kira bollo ana lissafa shi ne da ƙarfin inji, kuma wannan motar kilowat 110 ce, don haka ta fi ƙananan motoci biya, haka ma kuɗin sauya sunan mai mota a ranar saye. Binciken lafiyar mota duk shekara biyu ne. Daga 15 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu hanyoyi da yawa suna wajabta tayoyin sanyi ko ɗaukar sarƙa a but. Sannan duk wanda bai daɗe da karɓar lasisin Italiya ba ya sani cewa doka ta hana shi tuƙa ta, domin tun daga Disamban 2024 sabon direba ba zai wuce kilowat 105 ba har tsawon shekara uku. Na san wani matashi da ya kusa biyan kuɗin irinta kafin a ankarar da shi.

Abin da ya fi damuna yanzu ba inji ba ne, dokar hayaƙi ce. Motata tana rukunin Euro 4 a ma'aunin hayaƙin motoci na Turai, kuma jihar Lombardiya, inda Brescia take, ta taƙaita zirga-zirgar irin waɗannan motocin dizal a manyan garuruwa da rana a ranakun aiki. Birnin Milan ya kafa yankin Area B, inda ake hana motoci masu yawan hayaƙi shiga, a 2019, kuma tun daga Oktoban 2022 hatta dizal na Euro 5 ya shiga cikin waɗanda aka hana. Akwai tsarin Move-In, inda ake maƙala wa mota wata na'ura a ba ka adadin kilomita a shekara, da shi nake lallaɓawa. Wannan doka ce ta karya farashin waɗannan motoci har irina ya iya saye, kuma ita ce za ta raba ni da tawa alhali injinta yana da sauran rai mai yawa. Abin yana yi mini ciwo, domin na saba da ita. Ga wanda aikinsa ke tsakiyar birni, ba zan ba shi shawarar dizal ɗin ba ko kyauta ne. Gara ya nemi mai injin fetur 1750 TBi da ya fito a 2009, idan ya yarda da ƙarin shan mai da haraji.

Ƙanena da ke Kano ya ga hotonta ya roƙe ni in saka ta a jirgin ruwa in aika masa idan na tashi canzawa. Na ce masa a'a, kuma na gaya masa dalili. A Ƙofar Ruwa ko Panteka ta Kaduna zai sami kayan Toyota da Honda da Peugeot a kowace rumfa, amma hannun ƙafar 159 ko na'urar feshin manta sai ya jira a aiko daga Turai, motar tana ajiye tana shan ƙura. Ƙasan gabanta ba zai jure ramukan damina ba, matatar hayaƙinta kuma ba ta son dizal mai datti ko cunkoson cikin gari. Na yi masa alkawarin taimaka masa da kuɗin wata da makanikan unguwarsu suka sani.

Tawa kuwa binciken lafiyarta na gaba yana watan bazara mai zuwa, kuma makanikena ya riga ya gaya mini cewa kulocin ya fara nauyi. Na yanke shawarar in canza shi in ƙara shekara biyu da ita, ina tara kuɗi a hankali, sannan in fara duba Giulia ta hannu mai dizal 2.2 da ke rukunin Euro 6, da sharaɗin in sami wadda mai ita ya ajiye rasit kamar yadda dattijon nan ya ajiye.