Shagon dir'i na Aziziyya: sun iya katako da tagulla, ƙa da ɗa ne suka ba su wuya

Ga mai sauri: zan koma shagon nan na Makka mai yin dir'i, wato allon karramawa, amma ba zan ƙara cewa "tamam", wato ya yi, a kan hoton WhatsApp ba. Sai an buga mini burufa, wato samfurin rubutun, a takarda, na sa tabarau na bi ta harafi-harafi, sannan a kunna inji.

Ɗan yayata aka karrama. Haifaffen Makka ne, ubansa yana da takardar ƙasa, don haka sunansa a katin shaida da Hausawi ya ƙare, kamar 'yan ƙwallon nan uku da Saudiyya ta je da su Rasha a 2018, Usama da Umar da Mu'utaz. Injiniya ya karanta a wata jami'a a Jidda. Bayan ya gama ya kama aiki, shi da abokansa biyu suka haɗa wata 'yar na'ura mai gano inda bututun ruwa ke yoyo a ƙarƙashin ƙasa, suka kai ta baje kolin ƙere-ƙere da ake yi duk shekara a Jeniba ta ƙasar Suwizalan, suka dawo da lambar azurfa. Sai jami'arsu ta kira tsofaffin ɗalibanta da suka yi abin a zo a gani a ƙasashen waje, ta tara su a babban zaure, aka miƙa wa kowa dir'i da shahada, aka yi hoto da shugaban jami'a.

Katin gayyata biyu aka ba shi, na uwa da na uba. Hajiya mahaifiyarmu, wadda ta goya shi, a waya ta kalli taron. Da aka kawo mata dir'in ta juya shi gaba da baya. Kiristal ne mai nauyi, ba laifi, sai dai tambarin jami'a da sunanta sun cinye fiye da rabin fuskar, sunan yaron yana can ƙasa kamar an ja shi da tsinken sakace. Ta ce, "To ina namu?" Wai rabon da ta ji an kira Bahaushe an ba shi lamba a ƙasar nan tun Malam Abubakar Gumi. Na ce Hajiya ai da tazara, Malam lambar Sarki Faisal aka ba shi a 1987 saboda hidimar Musulunci, ita kuwa zinare ce zalla mai nauyin giram 200. Ta ce zinare da azurfa ai ɗakinsu ɗaya. A nan aka yanke cewa dangin uwa za su yi nasu dir'in, ni kawu in nemo.

Shagon yana Aziziyya, kusa da tsohuwar harabar jami'ar Ummul Ƙura, cikin jerin masu di'aya wa i'ilan, wato masu aikin talla, da masu buga takardun ɗalibai. Ba zan kama sunansa ba tunda akwai ƙorafi a maganata. Ɗaki ne dogo, kantoci sun kai rufi, a ƙurya akwai injin leza da wani yaro ɗan Bangaladash ke kula da shi. Mai shagon Bayamane ne, mai zane a kwamfuta kuma Bamisire. Na je bayan la'asar, a daidai lokacin yaye ɗalibai, wurin maƙil da iyaye mata masu neman a rubuta sunayen 'ya'yansu a kan wishahi, ƙyallen da ɗalibi ke ratayawa a kafaɗa ranar yaye. Wurin ajiye mota babu. Na zaga sau uku kafin na samu gurbi a bayan wani masallaci. Wanda zai je ya bari sai bayan isha, sun fi samun sukuni.

Kayan iri uku ne. Akwai na akrilik, wato robar nan mai kama da gilashi, daga riyal 45. Shi ake ba yaran firamare, kuma da an goge shi sau biyu da tsumma ya fara zane. Akwai kiristal daga 150 zuwa 400, gwargwadon kauri. Sai na katako, mai farantin ƙarfe a fuska, cikin akwati mai shimfiɗar karan-miski. Wannan na ukun na zaɓa, don kada mu maimaita abin da jami'a ta riga ta bayar, kuma gidan Hajiya ba ya rabuwa da jikoki, kiristal ba zai yi wata guda a raye ba.

A nan mai shagon ya yi mini abin da ya sa nake yaba shi. Ya ɗauko farantai biyu, duka ruwan zinare, a ido ba ka raba su. Ya ce, "Ya Hajj, sa farcenka." Na ja farce a kan na farko, sumul. Goran ruwa ne, wato alminiyon, aka yi wa fenti, rubutun kuma da zafi ake manna shi a sama, in rana ta daɗe tana dukansa sai ya koɗe. Na biyun farcena ya faɗa cikin ramin harafi. Tagulla ce, an sassaƙa rubutun a jikinta an cike da baƙin fenti. Da ya so, da ya sayar mini da na farkon a kuɗin na biyun, ban kuwa sani ba har abada. Ni ma ɗan kasuwa ne, ina da shagon jallabiya da darduma a Misfala, na san abin da ake yi wa baƙon da bai san kaya ba.

Mun daidaita a riyal 280. Da aka zo fatura sai na ga 322, an ɗora daribar kashi 15. Ba su ci ni ba, harajin gwamnati ne tun 2020, faturar ma mai lambar da ake haskawa da waya ce, amma da baki ba a gaya mini cewa kuɗin bai haɗa da shi ba. Ka tambaya tun farko. Na ba da rabi kafin alƙalami da katin banki na Mada, aka ce in dawo jibi.

Rubutun da na tura wa Bamisiren kashi biyu ne. Sama Larabci: sunan yaro, dalilin kyautar, shekara ta Hijira da ta Miladiyya. Ƙasa kuma layi biyu na Hausa da Hajiya ta faɗa da bakinta: "Allah Ya ƙara ɗaukaka. Daga danginka na Makka da Ɗambatta." Da dare hoto ya shigo wayata. Ina tsaka da ciniki da wasu masu Umara 'yan Sakkwato, na leƙa, na ga Larabcin ya zauna daram da hannun sulusi, salon rubutun Larabci na ado, na rubuta "tamam", na mayar da waya aljihu.

Jibin ya zama kwana huɗu. Uzurinsu cunkoson yaye ɗalibai, na kuma gani da idona, amma ba su kira sun sanar da ni ba, sai da na yi tattaki a banza sau ɗaya. Ranar da na karɓa na buɗe akwatin a mota. Aiki ya yi kyau, katakon ya sha gyara, tagulla tana ɗaukar ido. Sai idona ya sauka a layin ƙasa. "Allah Ya kara daukaka." Dambatta ma an miƙe mata ƙugiya. Na san mutane da yawa haka suke rubutawa a waya kuma ana ganewa, amma saƙon waya daban, abin da za a jingine a majalisi shekara talatin daban. Kara ai na dawa ne, ko kuma wanda raguna ke yi da ƙaho. Ba zan kai wa tsohuwa addu'ar da aka karya wa ƙafa ba.

Na koma. Bamisiren ya buɗe fayil ya nuna mini abin da ya faru. Da ya kwafo rubutuna ya zuba a salon harufan da ya zaɓa, sai 'yan akwatuna suka fito a gurbin ƙ da ɗ, saboda salon ba shi da su. Shi a zatonsa datti ne waya ta jawo, sai ya share ya sa k da d. Laifinsa shi ne bai tambaya ba. Nawa kuma ga shi a rubuce, "tamam", da ƙarfe tara da minti goma. Babu wanda ya ɗaga murya. Mai shagon ya ce sabon faranti riyal 80 ne, mu raba biyu. Na ga adalci ne, na biya 40.

Muka zauna neman salon da ke da ƙugiya. Masu ado duk babu. Waɗanda suke da ita irin na takardar ofis ne, in ka ajiye su ƙarƙashin sulusin nan sai su yi kama da sanarwar asibiti. Muna cikin haka wani tunani ya zo mini da ya kamata ya zo tun ranar farko: wa zai karanta bokon nan? Hajiya ba ta taɓa shiga aji ba, allo ta yi a Ɗambatta kafin ta zo Hajji ta zauna. Yaron kuwa Hausarsa ta baka ce, rabi Larabci, bai taɓa karanta ta a rubuce ba. Ashe ni kaɗai nake ta wahala a kan rubutun da ni kaɗai zan karanta.

Na ce wa Bamisiren mu rubuta da ajami. Bai san kalmar da wannan ma'ana ba. Na laluba aljihu, da yake alhazai kan bar mini canjin naira, na zaro 'yar ɗari biyu mai hoton Sardauna, na nuna masa rubutun da ke jiki. Ya karanta a hankali, "naira ɗari biyu", ya ɗago ya ce haruffan nasu ne amma maganar ba tasu ba ce. Na ce to haka kakanninmu suka rubuta waƙoƙi da wasiƙu tun kafin Bature ya zo. Abin daɗin shi ne haruffan da suka gagari boko a kwamfutarsa suna nan zaune a allon Larabci: ƙa ita ce ƙaf, ɗa kuma ita ce wadda muke kira ɗa mai hannu a makarantar allo.

Daga nan ne mutumin ya nuna mini shi gwani ne. Ajami ba ya karantuwa sai da wasali, injin kuma yana cusa fataha da rufu'a cikin jikin haruffa. Sai ya mayar da rubutun zane, ya riƙa ɗaukar kowane wasali da hannu yana ajiye shi inda ya dace. Na ɗauki hoto na tura gida, aka nuna wa Hajiya. Amsa ta dawo da muryarta: ƙaf ɗin nan ɗigo biyu gare ta, ita a allonta ɗigo ɗaya ne a sama. Gaskiyarta, rubutun Warshu da muka gada ta hanyar Magariba haka yake, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, fa ɗigo ɗaya a ƙasa. Na yi tsammanin Bamisiren zai ce na cika fitina. Dariya ya yi, ya ce ya taɓa ganin haka a Mus'hafin 'yan Maroko, ya goge ɗigo ɗaya. Kusan awa guda ya ɓata a kan layi biyu, layin mata na jiransa, bai ƙara mini ko halala ba. Wannan karon aka buga a takarda daidai girman farantin, na karanta sau uku, na sa hannu. Washegari da magariba aiki ya fito.

Ƙorafin da ya rage ƙanana ne. Akwatin yana warin gam, sai da na bar shi a buɗe kwana biyu. Maɗaurin murfinsa ɗaya yana lilo, na ɗaure da abin kunce noti a gida. Ledar da suka sa mini shi a ciki kuwa tallar shagon ce zalla, ba ta shiga taro, sai da matata ta naɗe shi da wani yadi.

Walimar a wata istiraha, wato gidan biki na haya, muka yi a unguwar Shara'i'i. Shinkafa da rago kamar kullum, sai tsire da aka yo oda daga Shari'in Mansur, wanda 'yan Makka suke kira sire suna kuma rantsuwa abincinsu ne na gado. Hajiya ce ta miƙa dir'in. Yaron ya sumbaci kanta, ya buɗe, ya zuba Larabcin sama kamar ruwa. Da ya iso ƙasa sai ya tsaya cak, yana neman ma'anarsa a Larabci bai samu ba. Ya ce, "Kawu, wannan fa?" Kafin in buɗe baki Hajiya ta karɓe, ta kai shi kusa da fuska, ta bi da yatsa tana ja irin na masu tilawa. A kalma ta uku ya gane, ya ƙarasa tare da ita. Ubansa, wanda rabonsa da Nijeriya tun yana goye, ya ce a ba shi shi ma ya gwada.

Duka-duka riyal 362 na kashe, da zuwa Aziziyya sau biyar. Farantin farko mai "kara" sun ba ni, yana cikin durowar shagona tare da rasitai. Na roƙi Bamisiren kada ya goge fayil ɗin, domin 'yata ta kusa sauka, ya ce ya adana shi. Na leƙa allon kwamfutar in ga da wane suna. Ya rubuta: Hajjin ɗigo ɗaya.