Madarar gwangwani da cikin jariri: abin da na gani a wata biyar

Ƙanwata ta rasu kwana tara bayan haihuwa, Allah Ya jiƙanta, washegarin sadakar uku aka miƙo mini jaririn. Autana ya kai shekara shida, ba ni da ruwan nono. Wata 'yar'uwarmu mai goyo ta shayar da shi mako guda kafin ta koma garinsu, daga nan muka koma ga madarar gwangwani ta jarirai, mai lamba 1 a jiki, wadda aka yi domin haihuwa zuwa wata shida. Ba zan kama sunan kamfani ba. Iri biyu na gwada, dukkansu suna da lambar NAFDAC, kuma kowacce tana da abin yabo da abin ƙorafi.

Ta farko ya karɓe ta ba gardama. Tana narkewa da wuri, ba ta gudaji, ba ta toshe kan fida. Amma kafin mako biyu kashinsa ya canja. Daga ruwan ɗorawa mai laushi irin na ɗan nono, ya koma mai kauri, daga baya ya zama 'yan ƙwallaye busassu kamar na akuya. Ya yi kwana uku bai yi ba, ciki ya ɗaure, da magariba sai kuka, yana naɗe ƙafafu yana banƙarewa. Duk wadda ta taɓa raya dare da jariri a kafaɗa ta san abin da nake nufi, balle maraya, wanda kukansa ke tuna maka wani kukan.

Shawara kuwa ta zo ta ko'ina. Inna ta ce ciwon cibiya ne, a ba shi dauri. Maƙwabciyata ta kawo zuma. Na ƙi, ba don na raina su ba, sai don an taɓa gaya mini a wajen awo cewa ba a ba yaro zuma sai ya cika shekara, saboda takan ɗauko ƙwayar cuta mai shanye jikin jariri. Na goya shi muka tafi asibiti.

Nas ɗin da ta duba mu dattijuwa ce. Ba ta rubuta magani ba. Cewa ta yi, "Hajiya, haɗa masa a gabana in gani." Na zuba gari cokali huɗu masu tozo, na bi da ruwa har layin 120. Nan ta tsayar da ni. Ashe ruwa ake fara zubawa, a auna shi daidai, sannan gari ya biyo, domin in gari ya riga shiga ya cinye gurbin ruwa. Cokalin kuma shafe shi ake yi, ba tozo, ba dannawa: a irin tamu, cokali ɗaya ga mililita 30. Ni da Inna muna ƙara masa ne don tausayi, wai ya ƙoshi ya yi barci, ashe madara mai kauri ruwan jikinsa take janyewa, ta busar da kashi, ta wahalar da ƙoda. Ta kuma ja mini kunne a kan kishiyar haka, wato tsinka madara don gwangwani ya daɗe, abin da tsada ke sa mata da yawa yi. Wannan rama yake kawowa, har da jijjiga.

A nan ne ƙorafina na farko yake. Duk wannan bayani yana jikin gwangwanin, amma da Turanci da Faransanci, da rubutu ƙanana. Kaka ko 'yar aikin da ake bar wa jariri ba za ta karanta ba. Kayan da ake sayarwa a Kano da Sakkwato da Maraɗi ya cancanci layi biyar na Hausa. Cokalin ma a binne yake cikin gari, sai ka tono shi.

Da muka gyara awo, cikin kwana huɗu ya fara yi kullum, amma taurin bai tafi duka ba. Likita ya ce wasu madarori ana haɗa su da man kwakwar manja, kitsensa yakan haɗu da sinadarin kalsiyam a hanji ya taurara kashi. Ya ce in gwada wadda aka ɗan farfasa furotin ɗinta aka rage mata sukarin madara. Ita ce ta biyu. Gaskiya ta yi aiki: kashi ya yi laushi, ya koma kore-kore mai wari, wanda aka ce ba komai ba ne, tusa ta yawaita kwana biyu sannan ta lafa. Sai dai tana da ɗan ɗaci, kwana biyu yana ture fida, tana kumfa in an girgiza, kuma kuɗinta ya ɗara na farko nesa. Gwangwani mai giram 400 ba ya kai mana kwana huɗu da ya shiga wata uku. Baban yara bai taɓa nuna gajiya ba, amma na san abin da ke fita daga aljihunsa.

Kukan magariba kam ba madarar ce ta raba mu da shi ba. Ya yi tsanani wajen mako shida, ya tafi da kansa yana wata huɗu, kamar yadda likita ya faɗa tun farko. Abin da ya rage masa wahala shi ne in ɗaga shi ya yi gyatsa a tsakiyar sha da ƙarshensa, in karkata fida kan ya cika da madara kada ya haɗiyi iska, in murza cikinsa a hankali in motsa ƙafafunsa kamar mai tuƙa keke. Tumbuɗi ma ya ragu.

Sau ɗaya ya yi gudawa, cikin zafin Afrilu, kuma na san sanadi. Ragowar madarar asuba aka ba shi da hantsi, ga shi ba wuta balle firij. Garin madara ba tsarkakakke ba ne daga ƙwayoyin cuta ko da sabon gwangwani ne. A 2022 an rufe wata babbar masana'anta a jihar Michigan ta Amurka a kan zargin ƙwayar Cronobacter, har madarar jarirai ta yi ƙaranci a ƙasar. Saboda haɗarin irin waɗannan ƙwayoyin cuta ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a tafasa ruwa, a haɗa tun bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, a huce fidar cikin ruwan sanyi, abin da ya wuce awa biyu a zubar. Zubar da madara mai tsada da ciwo, amma ranar da na ga maɗigarsa ta faɗa, idanu sun zurma, na daina lissafi. Asibiti suka ba mu ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc, suka ce kada in tsayar da madara. Sun ƙara da cewa in na ga jini a kashi, ko amai kore, ko ƙuraje tare da rama, in dawo nan take, don wasu jariran jikinsu ba ya karɓar furotin na madarar shanu, su wata madara ta daban ake rubuta musu.

Mai nono a ƙirji, ina roƙonta ta riƙe shi zalla wata shida, babu gwangwanin da ya kama ƙafarsa. Wadda ƙaddara ta kai ta inda ta kai ni, ta fara da mai lamba 1 ta gama-gari, ta gyara awo kafin ta yi tunanin canji. Ta biyun zan sake saye, amma sai da izinin likita. Yaron yanzu ya fara zama, wata mai zuwa za mu soma kunu.