Ya gano inda ruwan ke yoyo, amma ya bar ni da rami a bango

A batun gano ɓoyayyen yoyo, ban ga kamar wannan mai gyaran famfon ba a Kano. Bangon falona ne ya jiƙe daga ƙasa, fenti ya kumbura yana ɓarewa, ga wani farin gishiri-gishiri da ke fitowa, ɗakin kuma duk warin danshi. A tsakiyar rani ake, balle a ɗora wa ruwan sama laifi. Waɗanda suka zo kafin shi bakinsu ɗaya: a fasa bangon a gani. Wani ma cewa ya yi sai an ɗaye tayil ɗin banɗakin gaba ɗaya.

Shi da ya zo ko guduma bai taɓa ba. Ya sa aka cika tankin sama mai lita 2,000, aka rufe duk famfunan gidan, ya hau ya yi alama daidai bakin ruwan. Ya zuba bula a ƙaramin tankin masai, ruwan da ke cikin kwanon bai canza launi ba, ya ce to ba nan ba ne. Da gari ya waye ruwan tanki ya sauka kusan taƙi guda, alhali ba wanda ya buɗe famfo. Daga nan ya shiga rufe makullan layukan ruwa ɗaya bayan ɗaya, sai da ya zo kan layin hitar ruwan wanka sannan ruwan ya daina sauka.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya nemo ainihin wurin. Ya ɗaura wani famfon hannu mai agogo a layin, ya yi ta danna shi har allurar agogon ta hau, muna kallo allurar tana komawa baya a hankali. Ya ce a kashe janareta da fanka, yara su yi shiru. Ya kafa bakin doguwar sukundireba a jikin tayil, ya ɗora kunnensa a kan mariƙin, yana matsawa kaɗan-kaɗan. Na nuna masa gefen falo inda jiƙar take, sai ya ce, “Alhaji, inda ruwa ya ɓullo daban, inda ya samo asali daban. Ramin bulo yake bi ya gangaro.” Tayil huɗu kacal ya cire, can sama kusa da hita, sai ga ruwa yana tsartuwa siriri daga wata gwiwar bututu.

Ashe waɗanda suka yi aikin ginin farin bututun PVC suka sa a layin ruwan zafi, suka haɗa da gam. Shi kuwa PVC ba ya jure zafin da ya wuce digiri 60, ga shi lokacin hunturu hitar ba ta hutawa a gidan nan. Ya canza wurin da koren bututun PPR, wanda ake narkawa da na'ura a haɗe. Ya kuma hana ni yin fenti sai bangon ya bushe sarai. Wallahi a ranar har abokaina na kira ina yabonsa.

To amma daga nan zancen ya lalace. Mun yi ciniki a kan aikin duka, da aka gama sai ya ce kuɗin bincike daban ne, wai na'urar hayarta ya yi. Na biya don na ga aiki. Ya ce gobe zai turo yaronsa ya toshe ramin ya mayar da tayil, har yau ba shi ba yaron. In na kira sai wayar ta yi ta ringi, in ya ɗauka ya ce yana wani aiki a Hotoro. Tarkacen siminti ma a ƙofar banɗaki ya bar wa uwargida ta kwashe. Biyu daga cikin tayil ɗin sun fashe wajen cirewa, na zagaya Ƙofar Ruwa ban samu irinsu ba, an ce an daina kawowa, kuma bai faɗa min sun fashe ba sai da na ɗaga su da hannuna.

Wannan ɓoyewar ta fi ƙarin kuɗin ƙona min rai. Wanda zai kira shi, a yi magana a fili tun farko kan kuɗin bincike da mayar da tayil, kuma a riƙe cikon kuɗinsa sai ya rufe abin da ya buɗe.